Kafin Gabbar Singh akwai Calvera: tarihin fim ɗin kaboyi bakwai



Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga taron wata, muna fake a rumfar mai shayi muna jiran ruwa ya ɗauke, sai gardama ta kaure a kan fim ɗin Sholay. Wani dattijonmu, wanda ya ce ya kalle shi a silima sau ba adadi tun yana saurayi a Kano, ya dage cewa babu wanda ya taɓa yin labari irin wannan kafin Indiyawa. Na ce masa, Baba, a yi mini afuwa, Sholay jika ne. Ubansa kaboyi ne ɗan Amurka, kakansa kuwa mutumin Japan ne. Aka bushe da dariya, ya ce in kawo hujja. Na yi alkawarin zan rubuto, to ga shi na cika.

Fim ɗin da nake nufi shi ne The Magnificent Seven, wato gwaraza bakwai, wanda ya fito a Amurka cikin watan Oktoba na 1960. Amma ba za a gane shi ba sai an fara daga Japan.

A 1954 wani darakta mai suna Akira Kurosawa ya fitar da Seven Samurai a ƙarƙashin kamfanin Toho. Samurai su ne mayaƙan takobi na zamanin da, barorin sarakuna, waɗanda idan ubangidansu ya faɗi sai su shiga yawo ba su da madafa. An gina labarin a ƙarni na 16, lokacin da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita ƙasar. Wani ƙauyen manoma ne a tsakanin duwatsu, 'yan fashi 40 a kan dawakai suka mayar da shi rumbunsu. Wani manomi ya jiyo su suna cewa a bari sai an yi girbi a dawo. Mutanen gari suka je wajen tsohon ƙauyen, ya ce a tafi birni a nemo samurai, amma masu jin yunwa, domin ba su da abin biya sai abinci. Ladan ke nan, shinkafa sau uku a rana. Su kuwa manoman gero suke ci don shinkafar ta ishi baƙin. Fim ɗin ya kai minti 207, kusan awa uku da rabi, kuma a ƙarshensa an binne huɗu daga cikin bakwai ɗin.

Kurosawa da kansa masoyin fina-finan kaboyi ne, musamman na John Ford. Saboda haka da labarin ya haye teku ya isa Amurka, kamar ɗa ne ya je ganin dangin uwa. An nuna shi a can a 1956, kuma sunan da aka sa masa a lokacin shi ne The Magnificent Seven. Yul Brynner, jarumin nan mai aske kai tas, yana cikin waɗanda suka ga cewa in aka cire takobi aka sa bindiga, aka cire samurai aka sa kaboyi, za a ci kasuwa. Aka sayi izini, kamfanin Mirisch ya ɗauki nauyi, John Sturges ya ba da umarni.

Ga yadda suka juya shi. Wani ƙaramin ƙauye ne a Meziko, kusa da iyakar Amurka. Duk kaka wani ɗan fashi mai suna Calvera yakan zo da yaransa, mutum talatin zuwa arba'in, su kwashe amfanin gona su bar wa mutane abin da zai hana su mutuwa kawai, don su sake nomawa baɗi. Calvera ba ya zuwa da fushi. Yakan sauka daga doki yana murmushi, ya rungumi mai shagon garin, ya zauna ya yi ta kukan yadda zamani ya lalace, mutane sun daina tsoron Allah, alhali yaransa suna ɗaure buhuna a waje. A ganinsa shi uba ne mai ciyar da iyali, manoma kuwa tumaki ne, kuma tunkiya don a aske ta aka halicce ta. Ranar da wani manomi ya kasa haƙuri ya taso masa da adda, harbe shi ya yi a gaban matarsa, ya hau doki ya ce sai ya dawo.

Mutum uku suka tattara ɗan abin da garin ya mallaka suka haye iyaka don sayen bindigogi. A can suka tarar da wani abin kallo. Wani Ba'indiyen Amurka, wato ɗan asalin ƙasar, ya mutu a kan titi, wasu fararen fata suka hana a binne shi a maƙabartar gari saboda launin fatarsa. Baƙi biyu da ba su san mamacin ba, Chris da Vin, suka hau keken dokin gawa suka kai shi har bakin kabari ana harbinsu. Manoman suka ce wannan mai baƙaƙen kaya shi ne mutuminmu. Chris ya ba su shawara cewa a wannan zamani hayar mutum ta fi sayen bindiga araha. Abin da za su iya biya shi ne dala 20 kowane mutum, aikin mako shida.

Wa zai sayar da ransa a dala 20? Nan ne daɗin fim ɗin yake, domin kowanne da dalilinsa, kuma ba duka ne dalilan kirki ba. Vin caca ta cinye shi, aikin da ya rage masa a gari shi ne jiran kanti. Harry Luck ya ƙi yarda cewa ba zinare aka ɓoye a ƙauyen ba, har ya mutu yana tambaya, Chris ya yi masa ƙarya don ya cika da farin ciki. Bernardo an same shi yana faskare don a ba shi karin kumallo, mutumin da a da ake biyansa ɗaruruwan daloli. Britt gwanin jifa da wuƙa ne, ba kuɗi yake nema ba, gwajin kansa yake yi. Lee yana gudun maƙiya ne, zuciyarsa ta riga ta karaya, da dare mafarkin tsoro ke tashinsa. Na bakwai, Chico, yaro ne ɗan manoma mai jin kunyar asalinsa, ya bi su a baya har suka gaji suka karɓe shi.

Abin dariya, a cikin manyan 'yan wasan da wuya ka sami wanda ya yi kama da matsayin da aka ba shi. Brynner a Vladivostok ta Rasha aka haife shi. Horst Buchholz da ya fito a Chico ɗan Meziko Bajamushe ne. Eli Wallach da ya yi Calvera Bayahude ne ɗan unguwar Brooklyn a New York. Charles Bronson ɗan wani baƙo ne daga Lithuania mai haƙar kwal a jihar Pennsylvania, shi ma ya yi aikin ramin kafin ya shiga soja. An ɗebo su cikin gaggawa ne saboda ƙungiyar 'yan wasan Amurka na shirin shiga yajin aiki a watan Maris na 1960, dole a sa hannu da kowa kafin ranar. Steve McQueen kuwa, wanda a lokacin ɗan wasan talabijin ne, ya ƙudurta sai an gan shi. Duk sanda Brynner ke magana, shi yana gefe yana taɓa malafarsa ko yana girgiza harsashi kusa da kunne don idon mai kallo ya koma kansa. Waɗanda suka yi aikin tare da su sun ba da labarin cewa Brynner kan tara ɗan tudun ƙasa ya tsaya a kai don ya fi tsawo, McQueen ya bi ya baje da ƙafa.

Yanzu ga wurin da na fi so a lura da shi. A Meziko aka ɗauki fim ɗin, a yankin Cuernavaca da Tepoztlan, kuma hukumomin ƙasar suna cike da haushin wani fim ɗin kaboyi na 1954 mai suna Vera Cruz, wanda suka ga ya wulaƙanta mutanensu. Sai suka sa mai tace fim ya zauna a wurin ɗauka. Sharaɗi na farko, kada a nuna manomi da datti a jiki, shi ya sa za ka ga talakawan da ake cewa yunwa ta ci su suna yawo da fararen kaya kamar ranar idi. Sharaɗi na biyu ya fi nauyi. A labarin Kurosawa tun farko mayaƙa manoman suka fita nema. Meziko ta ce ba za a nuna 'yan ƙasarta sun tafi roƙon Amurkawa su cece su ba. Dole aka sauya, ya zama bindiga suka je saye don su kare kansu, hayar mutane kuwa shawarar Chris ce. Marubucin da ya yi mafi yawan aikin, Walter Newman, ya ji haushin gyare-gyaren da aka yi ba shi a wurin, ya ce a cire sunansa, shi ya sa sunan William Roberts kaɗai ke jiki.

Hukuma ta damu da tsabtar rigar manomi da mutuncin ƙasa, amma tambayar da ta fi kowace girma ta bar ta a buɗe: ina gwamnati take har Calvera ke karɓar haraji duk shekara? Fim ɗin ya amsa a taƙaice ta bakin manoman. Sun ce 'yan sandan karkara sun taɓa zuwa, sun yi 'yan kwanaki, suka tafi, Calvera ya dawo.

Da fim ɗin ya fito, Amurkawa ba su yi rububinsa ba, masu sharhi da dama suka ce kwaikwayo ne da bai kai na asali ba. A Turai ya fashe. A Tarayyar Sobiyet, ƙasar da ke zaman doya da manja da Amurka, an sayar da tikiti kimanin miliyan 67 a farkon shekarun 1960, samari suka riƙa kwaikwayon tafiyar Brynner. Kuɗin waje ne ya sa aka yi masa ci gaba har uku, a 1966 da 1969 da 1972, sannan shirin talabijin daga 1998 zuwa 2000. McQueen da Bronson da James Coburn duk daga nan tauraronsu ya tashi, Sturges ya sake haɗa su ukun a The Great Escape a 1963. A 2013 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa fim ɗin a jerin waɗanda ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Kiɗan da Elmer Bernstein ya tsara ya ma fi fim ɗin yawo. An sa shi takarar Oscar bai ci ba, amma mutane da yawa sun san kiɗan ba su san inda ya fito ba. Daga 1963 masu sigarin Marlboro suka ɗauke shi suna talla da shi, kaboyi a kan doki da kara a baki, har zuwa lokacin da aka haramta tallar sigari a talabijin ɗin Amurka a farkon 1971. Shi kuma Brynner ciwon dajin huhu ne ya yi ajalinsa a 1985, kuma kafin ya rasu ya bar saƙon da aka riƙa nunawa bayan mutuwarsa yana roƙon mutane su bar shan taba.

Italiyawa ma sun ga hanya. Sergio Leone ya ɗauki wani fim ɗin Kurosawa, Yojimbo na 1961, ya mayar da shi kaboyi a 1964 da sunan A Fistful of Dollars, wanda ya fito da Clint Eastwood. Shi bai nemi izini ba, Toho ta kai ƙara, aka sasanta da biyan kaso daga cinikin. Leone ɗin ne ya ɗauki Wallach a The Good, the Bad and the Ugly a 1966, ya ɗauki Bronson a Once Upon a Time in the West a 1968. Har masu zanen yara ba su bar labarin ba. A Bug's Life na 1998 tururuwa ne da fāri ke ƙwace wa abinci duk shekara, suka tafi neman mayaƙa.

To, Baba, mun iso Indiya. Sholay ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, Ramesh Sippy ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta. Ƙauyen Ramgarh, wanda a zahiri duwatsun Ramanagara ne kusa da Bangalore, shi ne ƙauyen Meziko. Gabbar Singh shi ne Calvera, mai aiko yara su karɓi hatsi da sunan kuɗin kariya. Bakwai suka koma biyu, Jai da Veeru, kuma su ma ba waliyyai ba ne, ɓarayi ne 'yan gidan yari. Inda mutanen gari suka tsorata bayan an kashe Ahmed ɗan liman, suka ce a miƙa baƙin a huta, daidai yake da inda manoman Meziko suka karaya, har wasu suka buɗe wa Calvera gari da dare. Wurin da Gabbar ya hallaka iyalin Thakur kuwa, duk wanda ya kalli Once Upon a Time in the West zai gane inda aka samo shi. Shi ma Sholay da sanyi ya fara a kasuwa, daga baya ya shafe sama da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay.

Ba ina cewa Indiyawa kwafa kawai suka yi ba. Suna da nasu 'yan fashin na gaske a kwarin Chambal, suna da nasu fina-finan 'yan fashi tun kafin Sholay, kamar Mera Gaon Mera Desh na 1971. Sun ƙara abin da Amurkawa ba su da shi: waƙa, barkwanci, surutun Basanti, shirun Radha, da abotar da ta sa mutuwar Jai ta fi mutuwar kaboyi huɗu ciwo. A ganina ma Gabbar na Amjad Khan ya fi Calvera ban tsoro nesa ba kusa ba. Amma ƙashin bayan labarin ɗaya ne.

Kuma abin da ya faru a Meziko ya sake faruwa a Indiya. A ƙarshen da Sippy ya fara ɗauka, Thakur, tsohon ɗan sandan da Gabbar ya sare wa hannaye, shi ne ya kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi. Lokacin kuwa Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci tun watan Yuni na shekarar. Hukumar tace fina-finai ta ce ba za a nuna tsohon jami'i ya ɗauki doka a hannunsa ba. Aka sake ɗauka, 'yan sanda suka iso a minti na ƙarshe suka kama Gabbar. 'Yan sandan da ba a ga ƙeyarsu ba duk tsawon lokacin da ake kwashe hatsin Ramgarh, su ne suka zo karɓar mai laifi bayan an gama aiki.

Mu ta hannun Indiya labarin ya fi shigo mana, amma kaboyi ya riga Indiya shiga silimun Arewa, tun bayan buɗe Rex a Kano a 1937, har kalmar ta zauna daram a bakinmu. Asalinta kuwa makiyayin shanu take nufi, kuma da yawa daga makiyayan gaske na wancan zamani baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, abin da fina-finan suka daɗe suna ɓoyewa. A Nijar ma wani darakta, Moustapha Alassane, ya yi wani gajeren fim a 1966 mai suna Le Retour d'un aventurier, a kan saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Suka sa malafa, suka sauya sunaye, suka hau dawakai, sai ga shi sun zama fitinar garinsu. Alassane ya hango tun a lokacin cewa yaron da ya kalli fim ba lallai ne ya fito yana son zama mai kare gari ba, bindigar da dokin su ne suka burge shi.

Da nake yaro muna kallon irin waɗannan a kaset, jira muke kawai jarumi ya gamu da bos. Da na sake kallon kaboyi bakwai a bana, ban iya kallonsa haka ba. Akwai 'yan uwa a cikinmu daga Zamfara da Katsina da Sakkwato waɗanda aka taɓa bugo wa waya daga gida a ce an yanka wa gari kuɗi kafin a bari a yi girbi, a taimaka da abin da ya samu. Gardamar da manoman fim ɗin suka yi a tsakaninsu, wani ya ce a biya a zauna lafiya, wani ya ce a gudu, wani ya ce a sayi bindiga, ita ce ake yi a zaurukan garuruwanmu. Hatta sabon da aka yi a 2016, wanda Antoine Fuqua ya ba da umarni, Denzel Washington ya ja ragamar bakwai ɗin, an sauya ɗan fashin ya zama attajiri mai haƙar zinare da ke korar mutane daga gonakinsu. Wanda ya tuna cewa a 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro ba zai ji wannan a matsayin tatsuniya ba.

Akwai wurare biyu a fim ɗin 1960 da ban lura da su ba sai yanzu. Na farko, Chico ya saje da yaran Calvera ya shiga sansaninsu, ya dawo da labarin cewa sun kwana uku ba su ci abinci ba. Lissafin Chris shi ne idan ɗan fashi ya ga garin ya yi tsauri zai nemi wani mai sauƙi. Lissafin ya rushe, domin mai yunwa ba shi da wani garin da zai tafi. Na biyu, wasu yara uku da suka liƙe wa Bernardo suka ce masa iyayensu matsorata ne. Ya kama ɗaya ya zane shi, ya ce riƙe bindiga ba shi ne jarumta ba, iyayenku suna ɗauke da ku da iyayenku mata da ƙannenku kullum ba tare da an tilasta musu ba, ni ban taɓa samun ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan kaya ba. A faɗan ƙarshe wajen kare yaran nan aka harbe shi.

Calvera ya mutu yana tambayar Chris abin da ya dawo da mutum irinsa wuri irin wannan, bayan ya sake su da ransu har ya mayar musu da bindigoginsu. Harry da Lee da Britt da Bernardo suka kwanta a ƙasar da ba tasu ba. Chico ya kwance ɗamarar bindiga ya zauna da wata yarinyar garin mai suna Petra. Tsohon ƙauyen ya sallami Chris da Vin, ya ce manoma ne kaɗai suka yi nasara, Chris ya amsa cewa haka ne, irinsu kullum su ne a ƙasa.

A nan yawancin masu kallo suka tsaya. Amma ci gaban da aka yi a 1966, Return of the Seven, da wannan ƙauyen ya buɗe. Wasu mahaya kimanin 50 suka afka masa da rana tsaka, suka tasa ƙeyar mazan garin gaba ɗaya zuwa cikin hamada aikin bauta, har da Chico. Petra ce ta kama hanya neman Chris.